Ralin Baba da Hanyar Damagaram

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Yau na fito da keken Baba daga ɗakin shirgi. Shekara biyar ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, kuma tun kafin ya kwanta ciwo ya daina hawa, don haka keken ya kai shekara goma a jingine bayan tsofaffin tabarmi da buhunan gawayi. Tayoyin sun tsattsage, sarƙar ta daskare da tsatsa, sirdin ya bushe ya ƙandare. Da na goge gabansa da tsumma sai ga zalɓen nan na tambarin Raleigh ya bayyana, keken da muka tashi muna kira Rali.

Baba ya saye shi a 1975 da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta biya ma'aikata, lokacin yana ƙaramin ma'aikaci. A shekarar da ta biyo baya ƙanwarsa, Gwaggonmu da aka aurar Damagaram, ta yi haihuwar fari. Ya ɗaure kayan barka a kariya, ya hau keken nan daga Kano, bai sauka ba sai ƙofar gidan mijinta a unguwar Zango. Labarin nan mun sha shi muna yara har muka haddace, amma ni ban taɓa tsayawa na auna abin da ke cikinsa ba. Gwaggo tana nan da ranta, shekarunta sun ja, kuma rabona da ita tun zaman makokin Baba.

Niyyar da na ƙulla ita ce in gyara keken in bi hanyar da ya bi: Kano, Dambatta, Kazaure, Daura, Kwangwalam, in tsallaka iyaka, Matamai, Kance, Takeita, sai Damagaram. Wajen kilomita 240 ne. Shekaruna 44, koyarwa nake yi, kuma rabona da yin tafiya mai nisa a keke tun ina sakandare. Ina so in kammala kafin azumi, wanda ake sa ran zai kama a farkon Maris. Zan riƙa rubuta abin da ya gudana a nan, mai daɗi da marar daɗi.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na tura keken zuwa wajen wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu, wanda shi ne yake duba wa Baba shi tun da can. Yana hango shi ya ajiye sifanar da ke hannunsa.

"Wannan ai keken mahaifinka ne."

"Shi ne, Baba."

"Allah ya gafarta masa. Sayarwa za ka yi?"

Na gaya masa inda nake son zuwa da shi. Bai yi dariya ba, bai kuma hana ni ba. Ya kifa keken a kan sirdi da kai, ya juya ƙafar baya, ya kara kunne yana sauraron boris. Sannan ya ce ƙarfen jikin lafiya lau yake, kada in yarda wani ya ce in sauya shi. Abin da za a sake: tayoyi biyu da tub, sarƙa, robobin birki, boris na gaba da na baya da na tsakiya, da sirdi.

A wajensa na koyi abubuwan da ban sani ba game da keken da na girma ina gani. Sifokun ƙafar gaba 32 ne, na baya 40, domin baya ce take ɗaukar nauyi. Birkinsa na sandar ƙarfe ne, babu wayar da za ta tsinke a daji. Sai kuma abin da ya fi jaddadawa: haƙoran notin Rali na asali daban suke da na sauran kekuna, kamfanin da ke Notingham a Ingila nasa yake yankawa. In aka tilasta notin wani keke a tsakiyarsa, an lalata shi ke nan. Saboda haka duk abin da ya kwance sai ya jefa a gwangwanin kananzir, ya wanke, ya mayar da abinsa. Ya ce a zamaninsu har a Bompai ake harhaɗa Rali, kuma saurayin da ya mallaki ɗaya ba ya shan wahalar neman aure.

Ya ce in dawo bayan mako guda. Na tambayi kuɗin aiki, ya ce, "Ɗana, sayo kayan tukuna. Ni da mahaifinka ba ma ciniki."

Asabar, 19 ga Oktoba

Na karɓo keken jiya da yamma, yau bayan sallar asuba na hau. Daga Rijiyar Lemo zuwa shataletalen Dawanau na dawo. Ba wata tafiya ba ce, amma cinyoyina sun san an yi aiki.

Keken yana da nauyi, ya doshi kilo 20 ba tare da kaya ba, kuma giya ɗaya gare shi. Kafin ya tashi sai an danna da gaske. Idan ya ɗauki hanya kuwa sai ya miƙe zar, ba ya karkarwa, ramuka ma haɗiye su yake yi saboda girman ƙafafunsa, inci 28. Zama ake yi a miƙe kamar a kan kujera, ana ganin komai. Na ga 'yan dako sun fara sauke buhuna a Dawanau tun gari bai gama wayewa ba, sabon gero da wake da riɗi suna ta shigowa.

Abin da na lura da shi kuma: masu keke sun yi yawa a titi fiye da yadda na sani. Tun da litar fetur ta haura naira dubu a wannan watan, mutane da yawa sun ajiye babur. Wani magidanci da jakar ofis a kariya ya jera da ni har Kurna, muna tafe muna hira kamar mun saba.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Kusan mako guda ke nan babu wutar lantarki a yawancin Arewa. Fitilar gaban da na saya mai caji ce, ta mutu, wayar ma sai an kai shagon caji. Ban yarda in hau titin Katsina cikin duhu ba fitila ba, don haka fita uku kawai na samu a makon nan, duk bayan la'asar, cikin hayaƙi da cunkoso. Na sayi ƙaramar tocila mai batir na ɗaure da roba a kan keken. Da ita zan yi tafiyar ma, tunda batir ana samunsa a kowane ƙauye.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Gwiwata ta dama ta fara ciwo a ƙarƙashin ƙoƙo, musamman idan na taka da ƙarfi daga tsaye. Na koma wajen Baba mai gyara. Ya sa na hau a gabansa, ya kalle ni na je na dawo, ya ce abu biyu ne. Sirdin ya yi ƙasa, ƙafata ba ta miƙewa, sai ya ɗaga shi kamar faɗin yatsu biyu. Na biyu kuma firiwil ɗin, wato ƙaramin faifan haƙora na ƙafar baya, ya yi mini tauri.

Mun ƙirga haƙora tare. Babban faifan gaba 46, na baya 18. Da na zauna da biro a gida na lissafa, kewayen taya wajen mita 2.2 ne, ke nan duk juyin feda ɗaya keken yana cin kusan mita 5.6. Ya nemo mini firiwil mai haƙora 22, wanda ya mai da shi kusan mita 4.6, ya ƙara wa sarƙa tsawo. Gudun ya ragu, amma ƙafa tana juyawa da sauƙi, gwiwa ba ta ɗaukar dukan nauyin.

Na ɗan yi jinkiri kafin in yarda, don a raina ina son in hau keken yadda Baba ya hau shi. Dattijon ya dube ni ya ce, "Mahaifinka yana da shekara 26 ya yi tafiyar nan, kuma kullum a kan keke yake wuni. Kai alli kake riƙewa. Ka bar wa ƙarfe abin da ƙarfe zai iya." Tsohon firiwil ɗin na naɗe shi a tsumma na ajiye a akwatin Baba.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Bayan an sauko daga masallaci na je gaishe da Hajiya, na kuma faɗa mata maganar da nake ta jinkirtawa. Maiɗakina ta riga ta sani, ta amince bisa sharaɗin kada in yi tafiyar dare. Hajiya ce nake jin nauyin tunkara.

Ta yi shiru tana jan carbi, sannan ta ce, "Motar Damagaram ta ƙare ne a tasha?"

Na ce, "Akwai, Hajiya."

"To mene ne na wahalar da kai?"

Ban sami amsa mai tsari ba. Na ce mata dai ina son in san abin da Baba ya sha a hanyar nan, kuma ina son Gwaggo ta sake ganin keken a ƙofar gidanta. Sai ta fara ba ni labarin tafiyar ta yadda ban taɓa ji ba, domin a lokacin ita amarya ce, wata bakwai da tarewa. Mu abin da muka riƙe shi ne Baba ya je Damagaram a keke, shi ke nan. Ita kuwa ta riƙe komai. Kwana biyar ya yi a hanya. Ya kwana a Kazaure a zauren wani malami, ya kwana biyu a Daura saboda zazzaɓi ya kama shi, ya kwana a Kance. Ba ya tafiya idan rana ta take. Daga asuba zuwa hantsi, sai ya nemi inuwa, sai bayan la'asar ya ƙara kaɗan. Guzurinsa ƙuli-ƙuli ne da dabino da garin fura da ita ta daka masa. A kariya akwai turmin atamfa biyu, sabulu, kayan yaji, da 'yan rigunan jariri da ta ɗinka da hannunta. Ta ce ba don babu mota ya hau keke ba. Kuɗin motar ne ya ƙara a kan na atamfa, don kada ƙanwarsa ta ji kunya a cikin dangin miji.

Wannan maganar ta ƙarshe ban taɓa jin ta ba sai yau. Na daɗe ina ɗaukar tafiyar Baba a matsayin bajintar ƙuruciya.

Da zan tashi ta ce, "Zumunta a ƙafa take, na sani. Ka je. Amma yadda ya yi za ka yi, ba ka ja da rana." Ta ce ita za ta daka mini garin fura.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Gwaji na farko mai nisa: Dambatta. Na fita ƙarfe shida saura, da gorar ruwa biyu, da niyyar in je in dawo a yini ɗaya. Zuwan ya yi daɗi. Da an bar Dawanau aka kama hanyar Daura sai gari ya buɗe, gonaki an gama yankan gero, dawa ta sunkuya tana jiran lauje, amalanken shanu suna jan kara. Ana aikin faɗaɗa titin nan da zai kai har Kwangwalam, kilomita 132 daga shataletalen Dawanau, don haka wani wuri sabuwar kwalta ce sumul, wani wuri kuma an haɗe motocin zuwa da na dawowa a hannu ɗaya. Na shiga Dambatta wajen goma da rabi, na sha koko da ƙosai.

A nan na saɓa wa maganar Hajiya. Maimakon in zauna har la'asar, ina idar da azahar na juyo. Ban yi awa ɗaya ba ruwana ya ƙare, na sayi na leda na sha har cikina ya cika, amma jikina bai dawo ba. Can sai jijiyar bayan cinyata ta hagu ta ɗaure tamau, na sauka da ƙyar na zauna a gindin wata darbejiya. Gumin da na yi ya bar farin gishiri a jikin rigata. Wani dattijo da ke sayar da rake a wurin ya ba ni tabarma, ya aiki jikansa ya karɓo gishiri a gida, ya ce in lasa in kora da ruwa. Na yi awa biyu a wurin. Daga ƙarshe a bayan wata a-kori-kura mai ɗauke da buhunan gyaɗa muka dawo Kano, ni da keken.

Na tambayi wani abokina ma'aikacin lafiya. Ya ce ruwa kaɗai ba ya mayar da abin da gumi ya fitar. Ya ba ni haɗin da suke koya wa iyaye mata: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gora ɗaya ta wannan, ɗaya ta ruwa zalla, kuma in riƙa kurɓa tun ban ji ƙishirwa ba.

Talata, 19 ga Nuwamba

Cinyar ta saki. Na koma fitar asuba, kilomita 20 kafin makaranta. Hazo ya fara sauka, leɓɓana sun fara tsagewa. Na sa man kaɗanya a cikin kayan tafiya, da rawani na rufe hanci a ƙarƙashin hular kwano.

Asabar, 30 ga Nuwamba, da Lahadi

Kazaure, kuma a kan keken na je na dawo. Alhamdu lillahi.

Wannan karon tsarin Baba na bi. Na yi asuba a gida na fita da tocila, na wuce Dambatta kafin rana ta yi zafi, na yada zango a wani masallacin bakin hanya daga sha ɗaya har la'asar. Na dama furar Hajiya da nonon da na saya wajen wata Bafulatana, na yi barci sosai. Da yamma na ƙarasa. Duwatsun Kazaure suna fara bayyana tun daga nesa, kuma a nan hanya take fara hawa da sauka, inda firiwil mai haƙora 22 ya nuna amfaninsa.

Babban abin da na koya a tafiyar nan iska ce. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ni kuma arewa na dosa, ke nan kusan gaba da gaba muke. Da asuba tana kwance, ina yin kilomita 15 a awa ba tare da wahala ba. Daga wajen ƙarfe tara sai ta tashi, manhajar wayata ta riƙa nuna 10, wani lokaci 9, alhali ƙarfin da nake sawa ya fi na ɗazu. Zaman Rali a miƙe yana sa ƙirji ya tare ta gaba ɗaya, babbar riga kuwa sai ta cika kamar tanti. Na cire ta na ɗaure a kariya, na bar 'yar shara. A dawowa ranar Lahadi iskar nan ce ta riƙa tura ni, na iso Kano da ragin fiye da awa ɗaya. Wanda zai je Damagaram a hunturu, duk abin da zai ci na hanya ya ci shi kafin hantsi.

Na kwana a gidan wani tsohon abokin karatuna. Da dare yayansa, wanda ya san tarihin garin, ya ba ni labarin Ɗan Tunku, wanda masarautar Kazaure ta samo asali daga gare shi, da yadda ya yi zama a Dambatta, da rigimarsa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo. Na sha wuce garuruwan nan biyu a mota cikin abin da bai kai rabin awa ba, ban taɓa haɗa su a raina ba. Yanzu na san tsakaninsu da cinyata. Sun kuma nuna mini inda ake aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya.

Alhamis, 12 ga Disamba

Makon takardu. Fasfona yana da sauran wa'adi, na karɓi katin rigakafin shawara, na kuma ɗauki hoton keken ta kowane gefe da lambar da ke jikin ƙarfensa, ko da jami'an duwan, wato kwastan na Nijar, za su tambaya. Iyakar nan ta yi watanni a rufe bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai a watan Maris na bana aka buɗe. A watannin nan Gwaggo ta yi rashin lafiya, babu wanda ya iya zuwa daga cikinmu. Yana cikin abin da ya sa ba na son in ƙara ɗagawa.

Na canjo sefa kaɗan. Ɗan Gwaggo na fari, wato jaririn da Baba ya kai wa kayan barka, wanda yanzu shekarunsa 48, ya koya mini lissafinsu ta waya: dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jika kuma sefa 1,000. Ya ce in mai shayi ya ce dala goma, kada in tsaya ina neman takarda. Ya ce daga Takeita zan hau babban titin da ya taso daga Yamai, in wuce Tirmini, inda dakarun Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga suka kara da Faransawa a 1899, kuma a nan zai tare ni da babur mu shiga gari tare. Ya yi mini alkawarin zagaya Birni, in ga fada da ragowar ganuwar Sarki Tanimu da manyan duwatsun da Baba yake ba mu labari. Garin ne hedkwatar Nijar har 1926 kafin a mayar Yamai, kuma mutanensa ba su manta ba.

Sai ya miƙa wa Gwaggo wayar.

"Ɗan Yaya, da gaske ne abin da nake ji?"

"Da gaske ne, Gwaggo."

"Keken nan dai? Mai ƙararrawa a dama?"

Na kaɗa mata ƙararrawar a bakin waya. Ta yi shiru, na ji tana jan hanci. Sannan ta ce ranar da Yaya ya iso tana ɗaka tana wankan jego, ƙarar nan ta fara ji kafin sallamarsa.

Na kuma tambayi limamin masallacinmu game da ƙasaru. Ya ce a Malikiyya tafiyar da ta kai mil 48 ce, wajen kilomita 80 a lissafin yanzu, kuma tunda Damagaram na nufa, da na bar gidajen gari zan fara.

Asabar, 21 ga Disamba, zuwa Litinin, 23

An ba da hutun makaranta, na ɗaura kaya. A kariya: turmin atamfa biyu, sabulu, yajin da Hajiya ta daka, da tufafina. A jakar gaba: tub biyu, faci da sholisho, famfo, sifana, sifoku shida, da guzuri. Da kayan keken ya haura kilo 30. Hajiya ta fito har zaure cikin sanyin asuba ta yi mini addu'a.

Ranar farko, Kano zuwa Kazaure, ba abin da ya faru sai alheri.

Ranar Lahadi ce ta zo da jarrabawa. Hazo ya yi kauri har rana ta zama kamar farin faranti, ba a hango abin da ya wuce 'yan taku ɗari. Ban fi awa ɗaya da barin Kazaure ba, a wani wurin da aka haɗe hannu saboda aiki, wata tirela ta taho ta bayana tana danna ham, wata motar kuma tana tahowa ta gaba. Babu wurin mu uku. Na saki kwalta na faɗa gefe, ƙafar gaba ta nutse a yashi, na kife ta dama, gwiwar nan mai ciwo ce ta fara dukan ƙasa. Direban bai tsaya ba, wataƙila bai ma gan ni ba.

Da na miƙe na duba, tayoyin biyu duk sun kwashi tsidau, ƙayar nan mai ƙahoni da ke shimfiɗe a gefen hanya. Na cire guda bakwai a ta baya kaɗai. Sifoku biyu kuma sun karye, ƙafar ta ɗan karkace tana gogar birki. Na ja keken zuwa gindin wani gawo. Gawo yana da ganye shar a wannan lokaci, shi da yake kaɗe nasa da damina. A inuwarsa na sauya tub na baya, na yi wa na gaba faci uku. Wasu yara masu kiwo suka kewaye ni, babbansu ya riƙe mini keken, wani ya kawo ruwa a ƙwarya muka nemo inda iska take fita. Sifokun kuwa na ɓangaren firiwil ne, ba a zura su sai an kwance shi, kuma ba ni da abin kwancewa. Na sassauta birkin baya, na ci gaba a hankali da na gaba kaɗai.

Abin da na tsara in yi kafin sha ɗaya bai ƙare ba sai bayan la'asar, domin da rana ta take na tsaya kamar yadda aka umarce ni, ko da yake zuciyata tana ta azalzala ta in ƙarasa. Na shiga Daura ana kiran magariba. Gwiwar ta kumbura har wando ya matse ta.

Na sauka a gidan surukin abokina na Kazaure, mutanen da ban taɓa gani ba. Maigidan ya ce, "Malam, baƙon da ya zo a keke daga Kano ai ba a tambayarsa kwana nawa zai yi." Aka dafa ruwa aka gasa mini ƙafar, aka kawo tuwon dawa miyar kuka.

Ranar Litinin da safe aka kai ni wani asibiti. An duba an ce ba karaya, ba tsagewa, buguwa ce, amma a huta wa feda na kwana bakwai zuwa goma. Keken kuma wani matashi mai gyara a bakin kasuwa ya zura masa sifoku ya daidaita ƙafar. Na tsaya a kansa har ya gama, ina maimaita masa gargaɗin dattijonmu game da noti.

Da yamma ɗan maigidan ya goya ni a babur zuwa rijiyar Kusugu, wadda ake ba da labarin Bayajidda ya kashe macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Yanzu a cikin gini take, an ja guga na sha. Daga nan na roƙe shi ya kai ni Kwangwalam. Tafiyar 'yan mintoci ce. Na tsaya daga nesa ina kallon shingen, da motocin da aka yi wa lodi har sama, da mata masu tallar fura suna ratsawa da ƙafa.

Talata, 24 ga Disamba

Na dawo Kano a mota da safiyar yau. Keken yana Daura, a zauren mai masaukina, an lulluɓe shi da buhu, atamfofin Gwaggo kuma suna ɗakin uwargidansa.

A hanya raina ya yi ta ɓaci, ina ganin tafiyar ta katse, ko sai na sake farowa daga Kano. Na faɗa wa Hajiya haka. Ta ce, "Shi ma a Daura ya kwanta. Da ya warke daga Daura ya tashi, bai dawo Kano ya sake ba." Na bar maganar a nan.

An yi kilomita wajen 130, saura wajen 110. In kumburin ya saɓe, zan koma Daura ranar Laraba, 1 ga Janairu, in tsallaka da asubar Alhamis, in kwana a Kance, in shiga Damagaram ranar Juma'a in Allah ya yarda, kafin a koma makaranta. Kafin nan akwai abu uku a gabana: in karɓo abin kwance firiwil wajen Baba mai gyara ya nuna mini yadda ake amfani da shi, in sayi madubi na ɗaura a hannun hagu, in kuma nemi jan ƙyalle mai ɗaukar ido na rataya a bayan kaya saboda hazo. Na kira ɗan Gwaggo na gaya masa sabuwar ranar. Ya ce tun jiya ta sa an share zaure.